Gida Biyar, Shayi Uku

Tun da Arthur Wynne ya buga wasan cike gidaje da haruffa a wata jaridar New York a Disamba 1913, masu ilimi ba su sake shan shayi da zafinsa ba. A Maraɗi, abin ya fi kama tsofaffin mushen lakwal. Jaridar Le Sahel tana fitowa daga Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, amma ko ta kwana a hanya, shafin wasan ba ya tsami.

Sai ka ga dattijo a fada, gilashi a kan hanci, yana neman sunan wani kogin Faransa mai harafi biyar, alhali Gulbin Maraɗi na bayansa. Shayi na uku ya huce, gidan na nan fari fat. Da bik yake rubutu, don girma ba ya barin a gan shi yana gogewa.

'Yan dara na Tibiri sun fi shi hutawa: ramuka 30, 'ya'ya 12 kowane, ga abokin gaba a gabanka da za ka yi wa gori. Manomin zogale na Jiratawa kuwa, in jaridar ta iso hannunsa, iri yake ƙunshewa da ita.