Ko Nawa Zan Kashe!

Bahaushe zai shafe rabin awa yana ciniki a kan kwanon tumatir, ya tafi ya dawo, ya rantse cewa jiya a Yankaba rabin haka ya saya. Amma bari maƙwabcinsa ya matso da katanga taku ɗaya cikin filinsa. Nan take zai buga ƙirji a gaban jama'a: "Wallahi ko nawa zan kashe, sai mun haɗu a kotu!" Lauyoyi suna jin wannan rantsuwa, su shafa fatiha.

Bahaushen nan fa, mu kira shi Alhaji, ranar da ya sayi filin an ba shi shawara ya nemi lauya ya duba takardu, ya ce ɓarnar kuɗi ce. Dillali ya yago falle ɗaya daga littafin makarantar ɗansa, aka rubuta yarjejeniya a kan bonet ɗin mota, shaidu biyu suka dangwala yatsa. Ɗaya ya rasu, ɗayan ya ce shi goro kawai aka ba shi.

To, an isa ofishin lauya. Akwai kuɗin ganin lauya, akwai na buɗe fayil. A rajista akwai kuɗin shigar da ƙara. Mai kai sammaci kuwa babur ɗinsa ba ya tashi sai an zuba masa mai, ko da gidan wanda ake ƙara yana bayan kotun. Safiyo zai zo ya auna taku ɗayan nan da na'urar da ta fi filin tsada. Sannan uwa uba kuɗin mota, wanda ake biyan lauya duk ranar zama, ko an zauna ko ba a zauna ba. Yau mai shari'a ya tafi taro. Gobe lauyan ɗaya ɓangaren yana wata kotu, ya aiko yaronsa ya roƙi a ɗage. Daga Yuli zuwa Satumba manyan kotuna suna hutun shekara. A 2021 ma ma'aikatan shari'a suka garƙame kotunan ƙasar nan sama da wata biyu suna yajin aiki. In kuma aka sauya wa alƙali wurin aiki ana tsakiyar sauraron shaidu, sau da yawa sai a koma farko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai dai a yi wa gardin, wato lauya, adalci. Yana biyan hayar ofis, yana sayen man janareto, yana sa baƙar riga da hular gashi a cikin zafin Afrilu, wanda wannan kaɗai ya isa a biya mutum. Tun 2023 kuma akwai ƙa'idar da ta ƙayyade mafi ƙarancin abin da lauya zai karɓa, don haka zancen "Barista, a rage mana, ai ana tare" bai cika tasiri ba. Kuma Alhaji da kansa ne ba ya son lauya mai sauƙi. In ya ji abokin shari'arsa ya ɗauko babban lauya mai lambar SAN daga Abuja, shi ma sai ya sayar da shanu ya ɗauko nasa. Ba ya jin ko kalma ɗaya daga Turancin da ake zubawa, amma yana gyaɗa kai, ya fito yana shaida wa 'yan majalisarsa cewa yau lauyansa ya wanke su tas. Abin da ya faru a ciki shi ne an ɗage zuwa bayan sallah.

Hanyoyi masu araha suna nan. Hukumar ba da agajin shari'a ga marasa ƙarfi tana aiki tun 1976. Ga mai unguwa, ga dagaci, ga Hisba, ga limamin da zai raba rigimar tsakanin la'asar da magariba. Amma wa zai yarda a ce ya je neman sulhu? Sai a ce tsoro ya ji, kuma da wane ido zai kalli surukansa?

Mai ganin ina zuzutawa ya tambayi kowane lauya labarin shari'ar Ariori da Elemo, rigimar fili ce a Legas. An shigar da ita a 1960, lokacin ana kashe fam da sule. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1983, naira ta shekara goma a duniya, an yi yaƙin basasa an gama, sojoji sun hau mulki sun sauka. Hukuncin kuwa shi ne a koma a sake shari'ar daga farko.

Shi ya sa a wasu gidajen, idan an zo rabon gado, bayan gida da gona akwai fayil, kuma shi kaɗai ne magada ba sa faɗa a kansa. Alhajinmu dai da sauran ƙarfinsa. Ya yi nasara a Babbar Kotu, aka yi walima, washegari maƙwabci ya ɗaukaka ƙara. Ɗansa da aka raɗa wa suna a shekarar da aka gina katangar yanzu ya kammala makarantar lauyoyi ta Bagauda. Uban ya yi murna, ya ce Allah ya kawo lauyan kyauta, ya miƙa masa fayil. Yaron ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Baba, ranar Litinin ne zaman, sai a ba ni kuɗin mota."