Ni Ne Lauyan Na'urorin Kurman Jirgi, Kuma Sun Kusa Kai Ni Ƙasa

Babu wanda ya aike ni. Ni na ɗora wa kaina aikin kare mutuncin 'yan ƙananan na'urorin nan masu arha da ake sawa cikin kurman jirgi, wato jirgi maras matuƙi, domin ya san inda yake, inda ya fuskanta, da nisansa da ƙasa. Masu ƙara sun ce kayan kasuwa ne, irin na cikin wayar kowa, wasunsu faɗinsu bai wuce milimita 3 ba, don haka ba abin da za a miƙa wa amana ba ne. Ni kuwa na ce abin dogaro ne, da sharaɗi guda. Abin da ya dame ni shi ne, duk wanda na kira cikinsu ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaida, sai ya buɗe baki ya kunyata ni. In kuwa a kwarin kogin Komadugu aka kafa kotun, kunyar ninkuwa take yi.

Hujjata ta farko tana bakin kwalta. Gagamari ƙauye ne a gundumar Chetimari, yamma da garin Diffa, kan hanyar RN1. A ƙarshen Nuwamban 2014, da Boko Haram ta afka wa Damasak, dubban mutane suka tsallako kogin Komadugu suka sauka a nan, bayan hare-haren Fabrairun 2015 a Bosso da Diffa kuma gefen kwaltar ya cika da bukkokin waɗanda suka baro bakin ruwa. Ƙidayar irin wannan zango da ƙafa aiki ne mai cin rai, kafin ka kai ƙarshe farkon ya canza. A 2016 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi wani ɗan Nijar, Aziz Kountché, wanda ya koya wa kansa ƙera irin waɗannan jirage. Jirginsa mai suna T-800 M ya tashi da izinin gwamnati, ya ɗauko hotunan matsugunai da na sansanonin Sayam Forage da Kablewa, aka mai da su taswira. Jirage masu irin wannan girma ba sa ɗaukar kayan jirgin yaƙi, amma ga shi aiki ya yi kyau. Da a nan aka rufe shari'a, da na tafi gida da rawanina a kai.

To, sai aka ce a kira shaidu ɗaya bayan ɗaya. Na fara da GPS, don shi ne mai kwarjini. Yana sauraron taurarin ɗan'adam da ke shawagi a nisan kilomita kusan 20,200, ya lissafa lokacin da saƙonsu ya ɗauka kafin ya iso. In sarari a buɗe yake, kuskurensa a kwance 'yan mitoci ne, a tsaye kuwa ya fi haka. Sai dai saƙon dole ya ratso wani sashe na sama mai cike da lantarki, kuma a ƙasashenmu na kusa da tsakiyar duniya wannan sashe yakan hargitse bayan faɗuwar rana. Ashe shaida ne da ba a son kira bayan magariba. Ba mu kaɗai yake yi wa haka ba: a ranar 10 ga Mayun 2024, da wata babbar guguwa ta taso daga rana, manoma da dama a Amurka sun kashe taraktocinsu ana tsakiyar shuka, domin GPS ɗin da ke jan layi ya fara ja a karkace. Na ce ya zauna, na kira kamfas. Shi wannan malamin ba ya iya ganin ƙarfe ya kau da kai. Ka tada jirgi daga saman mota, ko gefen rufin kwano, ko kusa da injin ban-ruwa na gonar tattasai, nan take zai rantse cewa arewa ta koma wani wuri. Idan kamfas da GPS suka saɓa, jirgin yakan shiga kewaya, kowane zagaye ya fi na baya faɗi, yana ta ƙoƙarin gyara kuskure ta hanyar da ba ita ba. A wani wuri wannan abin dariya ne. A nan kogin shi ne iyaka, kuma an sa jihar Diffa ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2015. Jirgin da ya faɗaɗa zagayensa ya leƙa jihar Borno ba fasfo, mai shi yana da dogon bayani gaban masu kaki.

Ma'aunin motsi shi ne ya fi ba ni tausayi, domin ba da gangan yake ƙarya ba. Ba ya ganin waje ko kaɗan. Jin turi da juyi kawai yake yi, ya tara, ya ce ga inda muka kai. A cikin daƙiƙa ɗaya ba wanda ya kai shi gaskiya. Amma ɗan kuskuren da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi ba, in aka bar shi yana taruwa, cikin minti ɗaya ya zama mita 18, cikin minti goma ya kusa kilomita biyu. Zafi kuma yana ƙara masa ruɗu. Littafin da ke cikin kwalin jirage irin Phantom 4 na kamfanin DJI ya ce iyakar zafin aikinsu digiri 40, alhali a Diffa, cikin Afrilu da Mayu, digiri 40 gaisuwar safe ce kafin rana ta zauna da kyau. Ma'aunin nauyin iska, wanda ke faɗin tsayi, shi ma da tasa. A ƙasashen zafi nauyin iska yakan sauka tsakanin hantsi da la'asar, don haka jirgin da aka ajiye kan tabarma bai motsa ba, da la'asar na'urar za ta ce ya hau mita 20 ko fiye. Shi ya sa ake sake mata lissafi daga sifili duk lokacin tashi. Saura kyamarar da ke kallon ƙasa don ta gane ko jirgi na gusawa. Tana buƙatar alama, dutse ko ciyawa ko sawu. Ka kai ta kan ruwan Komadugu mai tafiya, ta ɗauka ƙasa ce ke gudu. Ka kai ta kan rairayi, ta rasa abin kamawa.

A nan masu ƙara suka fara murmushi, ni kuma na zaro babbar takardata. Hukumar NASA ta Amurka ta aika wani ɗan jirgi mai suna Ingenuity zuwa duniyar Mas, inda babu GPS kwata-kwata. Ƙwaƙwalwarsa Snapdragon 801 ce, irin ta wayoyin hannu, ma'aunin motsinsa na kamfanin Bosch ne, ma'aunin tsayinsa na Garmin, duk kayan da kowa zai iya saye. An yi masa lissafin tashi biyar, ya tashi sau 72, daga Afrilun 2021 zuwa Janairun 2024. Kafin in gama gyara babbar riga, wani daga baya ya tambayi yadda tashi na 72 ya ƙare. Ya ƙare ne a kan rairayi. Binciken da injiniyoyinsa suka fitar ya nuna cewa tudun yashin ba shi da alamar da kyamara za ta kama, jirgin ya rasa sanin saurinsa, ya sauka da ƙarfi, fukafukai suka karye. Wato abin da ya kai shi ƙasa a wata duniya shi ne abin da ke shimfiɗe daga Maine-Soroa har Ngigmi kyauta.

Duk da haka ban janye ba, kuma ga dalili. Ba a taɓa cewa ɗaya daga cikin waɗannan shaidu ya tuƙa jirgi shi kaɗai ba. A cikin jirgin akwai alƙali, wani lissafi da Rudolf Kalman ya wallafa a 1960, wanda aka yi aiki da shi har a tafiyar Apollo zuwa wata. Sau da yawa cikin kowace daƙiƙa yana jin ta bakin kowa, ya ba kowa nauyi gwargwadon halinsa: ma'aunin motsi a gajeren lokaci, GPS a dogon lokaci, kamfas in ba ƙarfe kusa. Abin da ke sa wannan ya yi aiki shi ne ƙaryarsu ba iri ɗaya ba ce, ta wannan tana tona ta wancan. Haɗari yana zuwa ne ranar da biyu ko uku suka ruɗe tare, kuma ko a ranar allon da ke hannun mai tuƙi zai ci gaba da nuna lamba da waƙafi da ƙarin lambobi a bayansa, ba ko ƙifta ido. Wani zai ce a sayi masu tsada a huta. Masu tsadar sun fi jinkirin ɓata, gaskiya ne, amma su ma suna ɓata, kuɗin guda ɗaya zai sayi ƙananan jirage da yawa, kuma ƙasashen da ke ƙera su ba sa barin a fitar da su sai da lasisi. Wani kuma zai ce wayarsa kullum tana kai shi gida. Wayar tana jan ɗigon da ke nuna inda yake ne ta ɗora shi kan titi mafi kusa, shi kuma yana da ido. A sama babu titin da za a ɗora kowa.

Sharaɗin da na ambata tun farko shi ne a auna tambaya kafin a auna ƙasa. In ƙidayar bukkoki ake so, ko ganin inda ya dace a haƙa rijiya, kuskuren mita uku ba ya cutar da kowa. Amma Komadugu ruwansa daga kogunan Hadeja da Jama'are yake gangarowa, yakan cika ne bayan damina ta ɗauke, kuma a Oktoban 2019 ya tumbatsa ya raba dubban mutane da gidajensu a Diffa. A kwari mai shimfiɗe irin wannan, kamu biyu na tsayi ne ke raba gonar da za ta tsira da wadda za ta nutse. Taswirar da kuskurenta a tsaye ya kai mita uku, in aka ce da ita za a zaɓi inda za a yi shingen ruwa, ko a raba iyakar gonakin tattasai biyu, gara a koma wurin bulama da dattawan da suka san inda ruwan bara ya tsaya. Maganin sananne ne ga masu safiyo: a kafa na'urar GPS ta biyu a ƙasa, kan wurin da aka san ma'auninsa, tana aika wa jirgi gyara har kuskure ya sauko zuwa 'yan santimitoci, sannan a warwatsa alamu farare a fili, a auna kowace da hannu, a gwada su da abin da hoto ya nuna. Kuma alamun nan a yi su da siminti da fenti. Wanda ya shimfiɗa farin buhu a filin Gagamari ya tafi cin abincin rana, akuya ce za ta yanke masa inda iyakar take.