Kawu da Kajinsa Masu Tsiraici

Da kuɗin sallama ya shigo hannun Kawu bayan ya bar aikin gwamnati, sai ya kafa akurki a bayan gidansa na Zariya, ya zuba kaji irin ShikaBrown, waɗanda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta samar. Shekara guda ƙwai na zuba, Kawu na tafiya yana buɗa kafaɗa. Ko a masallaci aka tambaye shi lafiyar iyali, sai amsar ta ƙare a kan kiret.

Ana shiga hunturu, kajin na da kusan wata 18 a duniya, ya wayi gari ya tarar da gashi ko'ina a akurki, ƙwai kuma babu. Muzuru ne, in ji shi. Ya ɗana tarko, ya sa ni gadi da tocila, ni da na zo kwana biyu kawai gaishe su. Da asuba tarkon ya kama kyanwar maƙwabci, kuma sai da aka kai ruwa rana kafin aka shirya.

Daga nan zargi ya koma kan murar tsuntsaye. Kawu bai manta da Fabrairun 2006 ba, lokacin da aka tabbatar da ɓullar nau'inta na H5N1 a wata gona a Jaji, karo na farko a Afirka, ga shi kuma Jaji nan ce kusa. Ya ɗaure hanci da rawani, ya hana jikoki zuwa bayan gida. Sai dai marasa lafiyar suna cin abinci kamar ba gobe, idonsu tar, ba mai tari ba mai gyangyaɗi. Wuya dai ya zama fili, baya ya zama fili, jela ta tafi.

"Malam," in ji Inna, matar Kawu, "saɓa suke yi. Ka bar su su huta."

"Hajiya, wannan kiwon zamani ne, ba kajin ƙauyenku ba."

Sai ya yanke shawarar cewa sanyi zai kashe su. Ya kawo man kaɗanya, ya ce in riƙe masa su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, sannan ya yanke tsofaffin safarsa ya zura wa waɗanda suka fi tsiraici. Abin da ba a gaya wa Kawu ba shi ne, sabon gashi idan yana tsirowa akwai jini a cikin kararsa, taɓa shi ciwo ne, kuma yana karyewa sai jini. Kaza kuwa da ta ga ja sai ta kai baki. Kafin la'asar akurki ya zama filin dambe, ni kuma hannuna duk yakushi.

Malamin dabbobin da aka kira ya buɗa ƙarƙashin fiffike da gindin jela yana neman ƙwarƙwata, bai ga ko ɗaya ba. Ya tambayi abin da suke ci. Nan Kawu ya yi ƙasa da murya: abincin kanti ya yi tsada, ya mayar da su kan dusa da tsaki, kuma da ya yi tafiya an bar su wuni ba ruwa. Likita ya ce to ai ga dalili. Kaza kan sake gashi kusan sau ɗaya a shekara, raguwar hasken rana na tayar da abin, yunwa da ƙishi kuma suna gaggauta shi. Daga kai da wuya yake farawa, ya bi jiki, ya ƙare a fiffike da jela, yakan ɗauki mako 8 zuwa 12. Gashi kusan dukkansa furotin ne, fiye da kashi 80 cikin 100, shi ya sa jiki ke dakatar da ƙwai ya juya abincin wajen gina riga. Maganin: a ɗaga furotin daga kashi 16 zuwa wajen 20, da ƙuliƙuli ko waken soya ko garin kifi, ruwa kada ya yanke, a zuba yashi da toka su yi birgima. A cire safa.

Kawu ya ji, amma rabi ya ji. Kunyar masu leƙe ta katanga ta ishe shi, don haka ya tsince waɗanda suka fi muni ya sayar wa maƙwabcin nan mai kyanwa a farashin nama, ya bar masu kyan gani.

A nan ne aka yi asarar gaske. Masu kiwo sun daɗe da sanin cewa kazar da ta fi ƙwai ita ce ke jinkirin saɓa, sannan ta zubar da gashin a lokaci guda ta koma abin tausayi, ta kuma dawo aiki da wuri. Malalaciyar ita ce ke farawa da wuri, tana yar da gashi ɗai-ɗai na tsawon watanni, kullum tsaf da ita.

Kafin zafi ya kama, yaron maƙwabci ya fara yawo da kiret a unguwa. Inna ce ke aika a sayo na karin kumallo, kuma ta hana a gaya wa Kawu inda ake samowa. Shi da kansa ya yaba wa girman ƙwan, har ya ce in binciko masa irin kajin.