Illela Biyu, Ɗaurin Aure Ɗaya

Tsakanin Marsai da Paris akwai kilomita kusan 660 ta sama, jirgi kuwa yakan cinye su cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Wannan lissafi ne ya ruɗi wani ɗan Yamai da ya yi karatu a Faransa, ya dawo gida yana auna duniya da mudun jirgin sama. Da abokinsa ya gayyace shi ɗaurin aure a Illela ta jihar Tawa, sai ya leƙa taswira a salula, ya ga Yamai zuwa Birnin Ƙonni kilomita 420 ne ko kusa da haka.

"Haba ango, ai ko Marsai zuwa Paris bai kai ba! Ajiye mini goro, da ni za a shafa fatiha."

Abin da taswira ba ta gaya masa ba shi ne, jirgi yana sharar kilomita 800 a awa, kuma ba ya tsayawa jaki ya tsallaka hanya. Motar haya kuwa tana da 'yan'uwa a kowane gari. Ta gaisa da Dosso, ta yi sallah a Dogondutsi, ta miƙa wa jandarma takardu. Sai da rana ta karkata suka shiga Ƙonni.

Yana sauka ya tare ɗan kabu-kabu. "Illela, maza!" Kafin ya gama gyara hula sun iso. Gogan naka ya yi murmushi, ya ce ashe ƙasar ta ci gaba a bayansa. Sai da mai shayi ya faɗa masa kuɗin kofi da naira jikinsa ya yi sanyi. Wannan Illela ta jihar Sakkwato ce, bakin iyakar Najeriya, wadda ke maƙwabtaka da Ƙonni. Tasa Illelar tana can arewa: a bi kwalta zuwa mararrabar Tsarnawa, a ɗauki hanyar Tawa, a ratse a Badagishiri. Ɗan kabu-kabu dai ba shi da laifi, kuma bai yafe ko dala ba.

Ya koma tasha a fusace, ya faɗa motar da ya ga ta cika ba tare da tambaya ba, barci ya kwashe shi. Motar ta wuce Tsarnawa ta miƙe gabas abinta. Ya farka ya ga masana'antar siminti ta Malbaza a gabansa.

Wani direban babbar mota ɗauke da albasar Galmi ne ya tausaya masa, ya ɗora shi kan buhuna zuwa mararraba.

Washegari da hantsi ya isa gidan biki, ana naɗe tabarmi. Mahaifin ango ya karɓi gaisuwarsa, ya ɗan ja hanci, ya dube shi sama da ƙasa.

"Sannu da hanya, ɗana. Albasar ta sayarwa ce ko gudummawa?"