Mai Kwanciya da Wuri a Ɗankaza

Gyangyaɗi ne ya kusa sayar mini da sa. Ranar Juma'a a Karar Wudil, inda nake ɗan taɓa dillanci, wani Alhaji ya taya san wani Bafulatani da kuɗin da ko maraƙi ba za su saya ba. Ina jingine da turke, kaina ya yi ƙasa ya dawo. Alhaji ya ce, "Alhamdulillahi, ya sallama." Sai da dattawa suka sa baki aka warware cinikin, mai sa kuwa yana ta juya sandarsa yana auna ƙeyata.

A hanyar komawa Ɗankaza na tsaya wurin wani yaro mai kemis, na ce ya ba ni maganin ƙarin jini.

"Baba, ƙarfe nawa kake kwanciya?"

"Idan mai shayi ya kife tukunya."

Ya ce jinina lafiya lau. Baligi yana bukatar barcin awa 7 aƙalla, kuma abin da ke cikin shayi da goro mai hana barci, rabinsa yana nan a jiki bayan kamar awa 5. Wato goron da na ɓare da magariba shi ke gadina har tsakar dare. Liman ma ya sha faɗa mana cewa Annabi (SAW) ba ya son hira bayan Isha'i, muna cewa "na'am" muna wucewa majalisa.

Na yanke shawara: daga masallaci sai gado. Babu goro bayan La'asar, waya kuma ta kwana a aljihun riga.

Da na shigo gida ƙarfe tara saura, uwargida ta saki ludayi. "Malam, lafiya? Rasuwa aka yi?" Na ce barci zan yi. Ta taɓa goshina.

Ido ya fara nauyi ke nan sai na ji sallama. 'Yan majalisa ne kaf ɗinsu, har da ledar lemo. Sun ga gurbina babu kowa a tabarma, sun zo dubiya.

"Sannu, Malam. Yaya jikin?"

"Lafiyata ƙalau, barci kawai nake so."

Babban cikinsu ya girgiza kai cikin tausayi. "Haka yake farawa."

Don kada a bar mara lafiya cikin kaɗaici, suka shimfiɗa tabarma a zaurena. A nan aka raba kujerun siyasar Kano, aka sauya wa Kano Pillars mai horarwa, aka yi musun farashin taki, duk a bayan tagata. Wajen sha ɗaya mai shayi ya aiko yaro da kofi mai kauri, tare da saƙon cewa ɗan bashin da ke tsakaninmu bai kai a yanke zumunci ba. Kyauta ce, kuma ba a mayar da hannun kyauta baya. Na shanye. Na kwana ina ƙirga azara.

Kafin mako ya zagayo labari ya rabu biyu. Maza suka ce uwargida ta mallake ni. Mata suka ce namijin da ya fara tattalin jikinsa rana tsaka aure zai ƙara. Wannan ta biyun ce ta iso kunnen uwargida, kuma ba ta zaɓi lokacin bincike ba sai da na ja bargo: "Malam, tashi. Wace ce?" Daren da muka shirya kuma, ƙarfe ɗaya aka kawo wutar da muka cire rai da ita. Yara suka sa ihu, maƙwabci ya tayar da injin niƙa, ni kuma aka miƙo mini wayoyin gida in nemo musu soket.

Yanzu na koma majalisa. Ina zuwa da wuri, in kama gindin bango, in ja hula ta rufe ido. Babu mai tambayar jikina, tunda ga ni a cikin jama'a. Shekaranjiya ma suka watse suka bar ni, sai ladan ne ya yi tuntuɓe da ni zai je kiran assalatu. Uwargida har yanzu tana jiran bayanin inda na kwana.