Cikin Fim Ba Ya Zuwa Awo

A fina-finanmu masu dogon zango, hanya ɗaya tak ciki yake bi ya bayyana. Amarya na tsaka da zuba wa maigida shayi, sai ta toshe baki ta ruga bayi a guje. An samu rabo ke nan. Ko yaron da ke leƙen talabijin ta tagar maƙwabta ya gane, amma angon, wanda aka ce mana a Ingila ya yi digiri, sai ya tsaya yana tambaya: "Ko zazzaɓi ne?"

Daga nan sai asibiti. Likita ya juya takarda sau biyu, ya washe baki ya ce, "Albishirinka, Alhaji." Zuwan farko ke nan, kuma na ƙarshe. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa mai juna biyu ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta sauka, amma da alama saƙon bai kai ga masu rubuta labari ba. Babu layin awo tun da farar safiya, babu gwajin jini, babu kumburin ƙafa, balle kwaɗayin ɗanwake da tsakar dare. Baiwar Allah na kwance a kujera, gira a zane, jan baki raɗau, wai laulayi take yi. Shi kuwa cikin, filo ne mai yawon shan iska: makon nan yana ƙirji, mako mai zuwa ya gangaro cinya.

Gaskiyar magana, don kishiya aka yi cikin. Ita ce za ta barbaɗa magani a kunun gyaɗa, ko ta shafe matakalar bene da mai. Idan an yi ɓari, an samu labarin zango guda. Idan cikin ya tsallake, sai rubutu ya fito: bayan wata tara. Ango na safa da marwa a ƙofar ɗakin haihuwa, can a miƙo masa jariri tuɓul-tuɓul wanda ya kusa fara zama. Wankan jego da kunun kanwa kuwa, sai dai a nema a wani gari.

Amma kada mu ɗora wa 'yan Kannywood laifin duka. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, YouTube ma ta shigo wayoyinmu, mu masu kallo ne ke zaɓar abin da za a dafa mana. Mu da matanmu ke ɓoye ciki da zumbulelen hijabi har wata bakwai, ko uwa ba a iya faɗa wa don kunya, mu ne ke zama muna ƙirga wa matar fim watanni da yatsu. Maigidan da bai san ranar awon iyalinsa ba, da ya ga angon fim ya riƙe wa matarsa jaka, sai ya yi tsaki ya ce mijin-ta-ce ne. Sannan ya juya ga tasa matar, wadda ke nishi da cikin wata takwas, ya ce, "Ke, tashi ki ɗauko min caja, an zo wurin kishiyar."