Kawu, Wannan Ma Kiɗa Ne

Na san abin da za ku ce, don kun faɗa a fada, kun faɗa a bakin masallaci, kun maimaita a tashar Magarya kuna jiran motar Damagaram ta cika. Wai yaran nan da ke kulle kansu a ɗaki da waya, su lulluɓa da bargo ana tsakiyar bazara, su fito da wani gurnani suna cewa kiɗa ne, in ba iskokai ba to rashin aikin yi ne. Kawu, zauna tukuna. Alhaji, kai ma gyara zama.

Kun ce ba su gada ba, ba su yi zaman koyo a gidan wani makaɗi ba. Madalla! Yau kuma gadon kiɗa ya zama abin nema? Da a ce yaron ɗan Sarkin Makaɗa ne ya aiko da goron neman ƴarka, Alhaji, da tuni mun ji wani karatun, cewa gidanku ba a haɗa iri da maroƙa. Yanzu da ɗan mai noman riɗi daga Dogo-Dogo ko Wacha ya ɗauki abin don kansa, sai ka ce ba jininsa ba ne. To wanne za a yi maka?

Kun kuma ce kiɗan inji baƙo ne, daga intanet ya faɗo. Kawu, kai da ka tsufa da akwatin rediyo a kunne bai kamata wannan magana ta fito daga bakinka ba. Ɗan kiɗan nan mai sanyi da gidan rediyon ƙasa ya shafe shekaru yana sakawa tsakanin shiri da shiri, wanda kake gyaɗa masa kai kana jiran labarai, da yawansa na Mamman Sani ne. Ma'aikaci ne, ya sayi wata na'urar kiɗa ƙirar Italiya mai suna Orla a hannun wani abokin aikinsa ɗan Ruwanda, ya zauna ya yi ta latsawa har ta fara bin muryoyin ƙasar nan. A 1978 ya naɗi kasetinsa, kwafi kaɗan. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi, Turawa suka yi ta rububi. Ka sha kiɗan inji tun kana da baƙin gashi, ba ka dai tambayi sunansa ba.

Mdou Moctar na ƙasar Abalak ma gidansu ba a son kiɗa. Da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A 2008 ya tsallaka Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa da irin injin lanƙwasa murya na ƴan nanaye, suka bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth, har ɗaya ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones a 2011. Yau yana cika zauruka a Amurka da Turai. Hama kuwa direba ne a Yamai, da fiyanon Yamaha ya fara, ya koma kwamfuta, kiɗansa ya daɗe yana yawo a memori ba suna kafin faifansa Houmeissa ya fito a 2019. Ku lura, ban tafi da ku wata duniya ba. Duk ƴan gida ne.

Bargon da kuke yi wa dariya kuma, ku bari in faɗa muku aikinsa. Yaron ba shi da makirfo sai ɗan mitsitsin nan da ke jikin igiyar kunne, kuma shi ba ya zaɓe, duk abin da ya ji ɗauka yake. Murya in ta bugi bangon siminti da rufin kwano sai ta dawo da amsa-kuwa, ta ɓata ɗaukar. Bargo da katifa suna shanye ta. Shi ya sa ɗakin ƙasa na kakarsa, wanda kuka raina kuka tashi daga cikinsa, ya fi sabon ginin Alhaji daɗin murya. Kuma dole ya jira injin niƙa ya yi shiru, ƴan kabu-kabu su tafi gida, ya gama kafin zakara da ladan. Ya fito sharkaf kamar wanda ya wuni a fadamar rake, ku ce ba shi da aikin yi.

Abin da yake yi a ciki ya fi haka wuya. A manhajar FL Studio, wadda ƴan Beljiyam suka ƙera, ko BandLab da ake samu kyauta, sauti layi-layi ake ɗora shi. Sai ya ɗauko luguden ƴan mata a turmi, ya yanko bugu huɗu, ya sa su yi ta zagayowa. Ya ɗora kukan ƙafar amalanken shanu, ya rage masa sauri har ya koma ruri. Ya juya muryarsa ta fara daga ƙarshe. Daga nan rigima take farawa, don manhajar a kan fiyano aka gina ta, shi kuwa an raba shi gida 12 daidai wa daida, alhali goge da gurmi da algaita ba su san wannan rabo ba, tsakankanin gidajen suke zamewa. Kalangu ma magana yake yi, yana bin hawa da saukar harshenmu, ba ya tsayawa a layi don inji ya ce ya tsaya. Yawancin masu koyarwa a YouTube, na Faransanci da na Turanci, ba su taɓa jin algaitar fadar Damagaram ba. Shi kaɗai zai gano yadda zai kashe ma'aunin, ya lanƙwasa sautin da yatsa. Bayan duk wannan sai ya tura kiɗan a ƴar wayar innarsa ya saurara, domin a irinta za ku ji shi, kuma lasifikarta ba ta fitar da sauti mai kauri. Abin da ya ɓace a nan, ya ɓace ke nan.

Ga kuma kuran. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, har zuwa Maris na 2024, kowa ya ji a jikinsa, amma mai ɗauka da waya yana da mai caji da faifan sola a bakin kasuwa. Mai babbar sitidiyo shi ne ya yi ta sayen man janareta.

Yanzu bari in taɓa inda yake yi muku ƙaiƙayi. Ba gado ne ya dame ku ba, ba inji ba. Kiɗan ba ya kiran sunan kowa. Kun saba da Ma'azu Ɗan Alalo da Shata, inda makaɗi zai ɗauko mutum ya ɗaga shi, ya lissafo iyaye da kakanni, a fito da kuɗi a liƙa. Nan kuwa minti shida cur, ba Alhaji, ba mai motoci, ba na Hajiya, ba ma habaici ga kishiya. Ba ya shiga biki, ɗan takara ba zai ɗora shi a motar yawon neman ƙuri'a ba. Kun saurara har ƙarshe kuna jiran a ambace ku, ba a ambace ku ba, sai kuka yanke hukunci wai ba kiɗa ba ne.

Hajiya ce kawai ta yi tambayar da ta ɗaure ni: to me zai ci? Gaskiya, yawancinsu ba sa samun ko dala. A 2020 Sahel Sounds ta yi wani shiri, Music from Saharan WhatsApp, inda kowane wata wani makaɗi zai ɗauka da waya ya tura, a sayar a Bandcamp, kuɗin duka nasa. Amma mutum nawa ke nan? Kada yaro ya bar gona ko shago saboda wannan labari. Ku ma samari ba ku tsira ba: ɗaukar kukan akuya a zuba masa amsa-kuwa bai sa mutum ya zama gwani ba, kuma in ka ɗauki luguden ƴan matan unguwa ka watsa, ka gaya musu tukuna, ko su turo maka iyayensu.

Mutanen Magarya, ku da kuka fi kowa ɗaga hanci, ku tuna haka kuka yi wa Dungas dariya kafin ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Kai kuma Alhaji, in sunanka kake son ji, ka ba yaron jaka biyar, zai saka maka. Sai dai zai juya shi ta baya, ya rage masa sauri, ya ɗora a kan kukan amalanke, ko uwargida ba za ta gane kai ne ba.